Zoben Mis Vernice

Shekara ashirin da huɗu Vernice Dorsey ta yi tana sauke sababbin motoci daga cikin jiragen ruwa a tashar Baltimore, kuma a cikinsu babu wadda ta tuƙa ta kai mil biyu. Ta shiga, ta tayar, ta gangaro daga hawa na tara ko na goma, ta bi gadar da jirgi yake shimfiɗowa ta bayansa, ta ajiye a layi a filin Dundalk, ta faɗa bas ɗin ayarinsu a mayar da ita ciki ta ɗauko wata. Motar da wani likita zai yi taƙama da ita a Ohio, da wadda wani zai saya wa 'yarsa a Pittsburgh, duk ita ce ta fara zama a kujerarsu, kuma har su tsufa su lalace masu su ba za su san an yi wata Vernice a duniya ba. Ita kuwa motarta ta gida tsohuwa ce, sai an zura hannu ta taga ake buɗe ƙofar direba.

A unguwar Turner Station aka haife ta, lokacin masana'antar ƙarfe tana da rai, jar ƙura tana sauka a kan shanyar uwarta duk ranar wanki. A masana'antar nan ubanta ya ƙarar da ƙarfinsa. Ita ta yi shekara goma sha ɗaya tana wankin zannuwan asibiti, har ranar da mijinta Cleon, wanda ya daɗe a ayari na bakwai a tasha, ya dawo gida ya ce ana ɗaukar mata, kuma shi dai bai taɓa ganin wanda ya kai ta iya ribas ba, mace ko namiji. Ta je, aka gwada ta, aka ɗauke ta. Suka zama mata da miji a bas ɗaya, kujera ɗaya, ta biyu daga baya. Shekara goma sha uku suka yi a haka. Ran nan suna karin kumallo Cleon ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin motar asibiti ta iso ya cika. Bayan mako biyu da binne shi ta koma aiki, ta tarar ba wanda ya yarda ya zauna a gefen taga inda yake zama, sai ta matsa can da kanta.

Ayari a tasha mutum goma sha huɗu ne da suke fita aiki tare, rani da hunturu, har kowa ya san tarin kowa. Su ne suka ɗauki akwatin Cleon. Su ne suke cika mata tsakar gida duk watan Agusta, a shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur a juye ƙaguwa mai yaji, a yi ta fasawa ana ƙaryar kifin da aka kama. 'Yarta Renita ta yi aure ta koma bayan gari, gidan ya zama daga ita sai rediyo. In aka cire coci ranar Lahadi, ayari na bakwai su ne mutanenta.

Duk wanda ya taɓa aiki a jirgin motoci ya san ba a shiga da ƙarfe a jiki. Ba agogo, ba sarƙa, ba bel mai kan ƙarfe, makullin gidanka ma a bas kake barinsa, don fentin sabuwar mota ko hararar kirki ba ya jurewa. Masu zoben aure kuwa, tun da aka fara wannan aiki, naɗe shi suke yi da baƙin salatif su ɗora safar hannu a kai. Haka Vernice take yi kowace safiya a cikin bas, ta naɗa sau uku ta yanke da haƙori, Lonzo Peake da yake zama a bayanta yana tsokanarta wai tana ɗaure Cleon ne don kada ya gudu. Zoben ba wani abin a zo a gani ba ne, siriri ne, duk ya goge. Amma tun ranar da Cleon ya zura mata shi a gaban fasto, shekara talatin da biyar, bai taɓa fita ba: bai fita a ɗakin haihuwa ba, bai fita a ruwan wankin asibiti ba, bai fita ranar jana'iza ba. Daga baya ma ko ta so ba zai fita ba, domin kwance ɗaurin motoci a ƙasan jirgi cikin sanyi ya kumbura mata gaɓoɓi, gaɓar yatsan ta fi zoben faɗi nesa ba kusa ba.

Abin ya faru wata safiyar Talata a cikin Oktoba. Jirgi ya zo daga Jamus da mota dubu uku da 'yan kai, iska ta makarar da shi kwana guda, wani jirgin yana can a bakin ruwa yana jiran wurin tsayawa, tirelolin dakon motoci sun yi layi a ƙofa. Walt Bielski, shugaban ayarin, ƙaton mutum mai jan wuya wanda kakansa ma a tashar nan ya yi dako, yana tsaye a bakin gada da rediyon oba-oba a hannu yana kaɗa mutane kamar mai korar kaji.

Dokar aikin a takarda ita ce kafin ka taɓa mota ka zagaya ta. In ka ga lahani ka ɗaga hannu ka kira akawu ya rubuta tun tana wurinta, domin da zarar ka motsa ta, lahanin ya zama naka. A aikace kuwa akawu ɗaya ne a hawa guda mai tsawon filin ƙwallo biyu, kuma in kowa zai kira shi kan kowane ɗigo sai jirgi ya kwana uku bai tashi ba. Kamfani ya san haka, ma'aikata sun sani, kowa ya kau da kai. Shi ya sa mutanen jirgin motoci suke da nasu gwajin: ka lashi babban yatsa ka goga, in ya fita datti ne, ka wuce.

Vernice ta zo kan wata farar mota mai tsada, ta hangi wani siririn layi a ƙarƙashin mariƙin ƙofa. Bahaguwa ce, saboda haka safar hagu ta zare, ta lashi yatsa ta goga. Bai fita ba, ya dai ɗan dishe. Ta waiwaya, akawu yana can ƙarshen hawan, ga muryar Bielski tana tashi a rediyo yana tambayar ko mutanen hawa na tara sun yi barci ne. Ta mayar da safarta, ta shiga, ta sauke motar. Iyakar abin da ta yi ke nan, kuma babu mutum ɗaya a ayarin da bai yi irinsa ba sau ba adadi.

Ranar Alhamis aka kira ta ofis. Kamfanin da yake sauke kayan ya kawo sabon jami'in kula da lahanin motoci, wani Mista Pruitt, mutum mai taushin murya wanda bai taɓa durƙusawa a ƙasan jirgi ya kwance ɗauri ɗaya ba. Ya juyo mata da fuskar kwamfuta. Ga ta nan a hoton kyamarar jirgi, hannu ba safa, baƙin salatif a yatsa, tana murzar ƙofar farar mota. Sau uku ya nuna mata, sai ka ce ba ta san kanta ba. Ta gaya masa kwarzanen tsoho ne, a wurin ta same shi, har da datti a cikinsa, kuma salatif ba ya kwarzanar komai. Ya tambaye ta ko ta kira akawu. Ta ce ba ta kira ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta, sannan ya karanto mata sabuwar doka: daga ranar Litinin ba mai shiga jirgin sababbin motoci da zobe, naɗaɗɗe ko ba naɗaɗɗe ba.

"Ba ya fita, Mista Pruitt," in ji ta, ta ɗora masa hannun a kan tebur. "Dubi gaɓar."

"Akwai masu yankewa, Mis Dorsey. Aikin minti biyu ne."

"Kai kana da aure?"

"Ba maganata ake yi ba."

Bielski yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce matar nan shekara ashirin da huɗu ba a taɓa rubuta mata ko madubin gefe ba, kuma in goga yatsa laifi ne to a kore su duka har da shi. Pruitt ya ce shi bai yi shakka ba, kuma kada a ɗauka hukunci ne, tsari ne kawai. A tashar nan duk ranar da aka ce maka ba hukunci ba ne tsari ne, to an riga an gama da kai. Wakilin ƙungiyar ma'aikata ya buɗe yarjejeniya ya duba sama da ƙasa, ya ce kamfani yana da ikon tsara abin da ake sakawa a cikin jirgi, amma zai shigar da ƙorafi, kuma kwamiti zai zauna a watan Janairu.

Sauran masu aure a ayarin suka zare nasu suka bar su a gida. Lonzo ya ce shi dai ya gode wa kamfani, shekara ashirin yana neman dalilin da zai gaya wa matarsa. Aka yi dariya, ita ma ta yi, don ba ta son a ga ta damu.

Ranar Asabar Renita ta zo da sabulu da man zaitun da zare da kwanon ƙanƙara. Suka zauna a kicin tana naɗa wa uwar zare a yatsa tana ja, yatsan ya kumbura ya yi baƙi, zoben ya zo bakin gaɓa ya tsaya cak. Renita ta ce, "Mama, Baba da kansa zai ce ki yanke." Vernice ta ce Babanta ba ya nan balle ya ce, ta janye hannunta ta kwance zaren. Maganar gaskiya, da zoben ya ƙi fita daɗi ta ji.

Ba ta yanke ba. Litinin ta yi, bas ɗin ayari na bakwai ta tashi babu ita, ta koma ɗakin rabon aiki tana tsayawa cikin sababbin shiga tana karɓar abin da ya samu. Abin da yake samuwa kuwa jiragen Afirka ta Yamma ne, don su ba sa tambayar zobe. Tsofaffin motoci ne da aka kwaso daga gwanjo a Virginia da Pennsylvania da New Jersey, waɗanda suka yi karo da waɗanda ambaliya ta ci, ana lodinsu zuwa Kwatano da Tema da Legas. A can ko da guduma rataye a wuya ka shiga ba mai kallonka. Rabinsu ba sa tashi sai an haɗa batir ko an tura, waɗanda suka tashi kuma su cika hawan da hayaƙi har ido ya yi ja. Vernice ba ta raina aikin ba. Ta san motocin nan akwai masu jiransu, kuma ta fi ganin mutuncin wadda za ta je ta yi wa wani shekara goma tana ɗaukar iyalinsa a kan farar nan da ta ja mata. Amma mace mai shekara hamsin da tara, da gwiwoyi irin nata, ba ta da abin yi a bayan matacciyar mota a kan gangare.

A cikin waɗannan makonni aka yi bikin da ake yi duk shekara. Manya suka zo da riguna masu ƙyalli a kan kwat, suka tsaya a gaban layin sababbin motoci, aka kafa musu abin magana, suka faɗi yadda tashar nan take ciyar da jihohi goma, yadda taraktocin Illinois suke fita ta nan, yadda motocin rabin ƙasar suke shigowa ta nan, kuma duk albarkacin hannuwan ma'aikata ne. Hannuwan ma'aikata. Vernice tana jin su daga nesa tana tura wata tsohuwar mota marar gilashi, hannunta duk baƙin mai. Ta tofar da yawu a ruwa.

Akwai wata doka kuma, wannan ta ma'aikata ce da kansu, kuma ta girmi kowa a tashar: wanda ya yi kwana sittin bai fita da ayarinsa ba, kujerarsa ta zama ta wani. Ba a yi ta don mugunta ba, mutane ne da yawa suke jira shekara da shekaru su samu ayari. Bielski ya tare ta a wurin ajiye motoci a kwana na arba'in ya tuna mata, yana magana yana kallon takalminsa. Ya ce zai iya jan ƙafa kwana biyu ko uku, amma ba zai kai Janairu ba, mutanen ɗakin rabon aiki sun fara tambaya. Ta ce ta sani, ai da ita aka kare dokar a taro lokacin da wasu suka so soke ta.

A kwana na hamsin da bakwai tana tura wata mota ita da maza uku a kan gadar jirgin Kwatano, gwiwarta ta dama ta lanƙwashe, ta zube a kan ƙarfe. Aka ɗaga ta, ta ce ba komai, ta jingina da shinge tana jiran raɗaɗin ya lafa. Daga nan saman ta hangi bas ɗin ayari na bakwai tana wucewa a ƙasa. A kujera ta biyu daga baya, gefen taga, wani mutum ne da ba ta sani ba, ya jingina kai da gilashi yana cin burodi. Ba laifinsa ba ne, cike gurbi aka turo shi, amma sai da ta ji kamar ta sauka ta finciko shi.

Da aka tashi aiki da la'asar ta ɗingisa zuwa rumfar kayan aiki, inda ta san Lonzo yana tsayawa ya wanke hannu.

"Lonzo, ɗauko filayarka mai yanka."

Ya dube ta, ya dubi hannun. "Haba Mis Vernice. Ki je wurin maƙerin zinariya mana, ko wurin 'yan kwana-kwana. Suna da abin yankansa, ba ruwanki da ni."

"Baƙo ba zai taɓa shi ba. Kai ka riƙe akwatin Cleon ta wajen kai, kai za ka yi."

"In na mutu na tarar da shi, me zan ce masa? Mutumin da ko kofinsa ban taɓa sha ba sai da izini."

"Ka ce ni na sa ka. Ya san halina."

Lonzo ya wanke filayar da sabulu, abin da bai taɓa yi wa kayan aiki ba. Ya nemo cokalin shayi ya zura bakin mariƙinsa a ƙarƙashin zoben don kada ya yanke ta, yana ta jinkiri, har ta ce masa in ba zai nutsu ba ya ba ta ta yi da kanta. Ya danna. Ƙarar ba ta kai ta karya tsinke ba. Ya sa filaya biyu ya buɗe shi a hankali, ya zare. Fatar da take ƙarƙashi ta yi haske, ta lotsa, ta yi laushi, don rabonta da ganin rana tun tana amarya. Vernice ta ƙulle zoben a hankici ta cusa a aljihun ƙirji. Lonzo ya juya yana goge filayar har ta fita. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Baƙin ciki yana nan, amma fushi ya danne shi, sai da ta zauna a cikin motarta a ƙofar gida ya taso, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari da safe wani jirgin sababbin motoci ya tsaya, ayari na bakwai ne a kansa. Pruitt yana bakin gada da allon rubutunsa. Vernice ta wuce kowa ta tsaya a gabansa ta miƙa masa hannun hagu.

"Ga shi. Duba."

"Me zan duba?"

"Zoben. Na yanke."

Ya dubi hannun, da gani laluben maganar yake a cikin kansa. "Au, farar motar nan? Ai an rufe wannan maganar tuntuni."

Sai ya yi mata bayani, da taushin muryar nan tasa. Takardar tashar da aka yi lodi ta iso wata guda da ya wuce, kuma ta nuna an rubuta kwarzanen tun a Jamus kafin motar ta hau jirgi, har da hoto. Dokar zobe kuwa, dama saboda wakilan masu motocin ne da za su zo dubawa a Nuwamba; sun zo, sun zagaya, sun yaba, sun tafi, yanzu salatif ya wadatar kamar da. Ya ce shi ya tura saƙo babban ofis, ya ɗauka an sanar. Ya ce ta yi haƙuri, irin haƙurin da ake ba wanda aka taka wa ƙafa a layin kanti.

Wata guda. Wata guda takardar nan tana kwance a cikin kwamfuta matar nan tana shaƙar hayaƙi tana tura gawarwakin motoci. Ofishin da ya iya zaƙulo hannunta na hagu daga cikin mota dubu uku a kwana biyu, shi ne ya kasa samun lambar wayarta a kwana talatin. Kuma ba wanda ya gane an janye dokar, domin duk sauran sun bar zobensu a gida, ba su da dalilin tambaya. Mutum ɗaya tak dokar ta taɓa a duk tashar, kuma ita kaɗai ce ba a tuna da ita ba.

Vernice ta janye hannunta. Ba ta zage shi ba, ko da yake a Turner Station ta tashi, ta san zagin da zai sa shi neman kujera. Ta shiga bas, baƙon jiya ya tashi da sauri ya ba ta wuri, ta zauna a gefen taga. Bielski ya ji komai, wuyansa ya ƙara ja. Lonzo ya kifa kai a bayan kujerarta. Bas ta hau da su hawa na tara.

Ta zo kan motar farko ta fara zagayawa, ba irin zagayen da aka saba ba. Ta dubi ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ta dubi rufi, ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ta leƙa ƙasan bamba. A kan murfin but ta ga ɗigo ɗaya, ƙila mai ne, ƙila ƙura. Ba ta taɓa shi ba. Ta miƙe ta ɗaga hannu ta kira akawu. Akawu ya taho tun daga ƙarshen hawan, ya duba, ya goge da tsumma, ya rubuta, ya sa hannu. Sannan ta shiga ta sauke motar. Da ta dawo kan ta biyu ta sake yin haka.

Lonzo ne ya fara ganewa. Ya zagaya tasa motar hannu a baya, ya tsaya ya ƙura wa madubi ido, ya ɗaga hannu ya ce wa akawu ya zo da sauri, shi bai yarda da wannan tabon ba. Kafin ƙarfe goma hannu goma sha huɗu ne a sama, akawu yana kai da kawo gumi yana zuba. Bielski, wanda ya yi shekara ashirin yana ihu a rediyo, ya kashe ta ya sa a aljihu, ya samu tarin igiyoyin ɗauri ya zauna a kai. Babu wanda ya karya doka. Ranar ce ma aka fara bin ta yadda aka rubuta ta.

Da tsakar rana mota tamanin ce ta sauka a inda aka saba sauke ɗari bakwai. Layin tireloli ya fita ƙofa ya kai titi, an riga an kira ƙananan jiragen da za su ja jirgin da ƙarfe huɗu, wani jirgin yana jira a bakin ruwa, wayoyin ofis suna ta ruri. Pruitt ya nemi bas ta hau da shi, direba ya ce bas ta ayari ce, ba kujera. Da ƙafa ya hau hawa tara. Ya iso yana haki, ya tarar da Vernice a sunkuye tana duban taya.

"Mis Dorsey, na san ranki ya ɓaci, kuma kina da gaskiya," in ji shi. "Amma zobe ai ana gyarawa. Ki kai wa maƙeri ya haɗa, ya ƙara masa faɗi, ba wanda zai gane an taɓa yanke shi. Kamfani zai ɗauki nauyi."

Ta dafa motar da hannu mai safa ta miƙe a hankali. Mutanen ayari duk sun tsaya suna ji.

"Haɗawa ba wuya, na sani," in ji ta. "Cleon ne ya saka mini shi, Mista Pruitt. In an haɗa, wa zai saka mini? Kai?"

Sai ta juya ta ƙarasa zagaya motar, ta tsaya a ƙofar baya, ta ɗaga hannu ta kira akawu.